Na Ari Hancin Apolonia

Daga ƙauyenmu na bakin kogin Narew,
26 ga watan Yuni.

Zuwa ga ƙanwata Leokadia,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri daga yayanki Zenon, wanda har yanzu yana nan da ransa, ko da yake masu tambaya sun yi ƙaranci. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Romuald da yara da jikoki. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa ciwon ƙugun da kika ce yana damunki ya yi sauƙi, ya kuma sa kin rage haɗiyar ƙwayoyin nan da likitocin Kanada suke rubuta miki kamar masu rabon alewa. Tun bara na gaya miki biyu daga cikinsu aiki ɗaya suke yi, amma na san maganar tsohon mai haɗa magani na ƙauye ba ta ƙetare teku.

Mu nan muna lafiya gwargwado. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta. Witold, ɗan marigayi ɗan'uwanmu Henryk, ya sauya rufin gidansa, ya sa wani jan kwano mai kashe ido, matarsa Danuta kuwa tana ta fama da lambunta. Shamuwa ta dawo sheƙarta a kan turken lantarki na gaban coci, bana ƴaƴa uku ta ƙyanƙyashe. Ɗana Olgierd ya kira daga Norway ranar Ista, muka yi minti huɗu, uku a ciki kan yanayin gari. Na je maƙabarta makon jiya, na cire ciyawar kabarin Mama da Baba, na wanke dutsen kabarin matata Irena. Kada ki damu da aiko furen roba, na bara bai koɗe ba tukuna.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami maimakon in jira kiranki na ranar Lahadi. A waya kina iya yin dariya ki sauya magana, takarda kuwa sai kin karanta ta har ƙarshe. Kin tuna sha biyar ga Agustan bara, ranar da ake kai ganyaye coci a sa musu albarka, da muka taru ƙarƙashin itacen tuffa a gidan Witold? Kin tuna na fito da babban tulun gilashi na haɗin farin furen itacen bez mai ƙamshi, na zuba wa kowa da hannuna, da ƙanƙara da ruwan soda da lemun tsami da ganyen na'ana'a, yadda ƴan birni suka koya mana? Na tsaya a kanki har kika kurɓa. Kika lumshe ido kika ce, "Yaya, sak na Mama." Kusan shekara guda ina riƙe da wannan kalma, ina fito da ita in duba duk ranar da gari ya yi mini zafi. Ƙarya kika yi mini, Lodzia. Abu mai warin fitsarin mage kika sha, kika ce sak na Mama.

Ba ma daga bakin jinina na ji ba. A kantin ƙauye na ji, farkon watan nan, ina cikin layi riƙe da kwalaben barasar bodka biyu. Kin san Apolonia mai kaji, ta gidan ƙarshe kafin gada, wadda aka cire daga makaranta tana aji huɗu. Tana bayana a layin. Ta dubi kwalaben, ta dube ni, ta kira ni da laƙabinmu na masu haɗa magani, ta ce da ƙarfi, "Magista, ranka ya daɗe, bana ma magen za a sake jiƙa mana? Ka faɗa da wuri mu tanadi tukwanen fure." Kanti ya ɗauki dariya. Mai kantin ta sunkuyar da kai kamar tana neman wani abu a ƙasan tebur. Tsoho Alfons ya ce furen matarsa da ya sha kofi biyu bai sake ɗaga kai ba har yau. Ni kuwa ina tsaye da hulata da tayena, na ce ban gane ba. Sai Apolonia ta ƙura mini ido, dariyar ta bar fuskarta, ta ce a hankali, "Af. Ashe da gaske ba ka sani ba." Wannan tausayin ya fi dariyar ciwo.

Daga nan gidan Witold na nufa. Na same shi ƙarƙashin tarakta, na ce ya fito. Ya yi ta goge hannu da tsumma har tsumman ya gaji, sannan ya ce, "Baffa, ba mu so mu ɓata maka rai ne. Goggo Lodzia ce ta zagaya ta ce kowa ya sha ya yi shiru, wanda ba zai iya ba ya zuba a fure." Ya ƙara da cewa tun daga ranar, duk abin da ya lalace a ƙauyen nan, madara ce ko miya, sai a ce ya zama magen Magista. Wata goma ke nan ina wucewa ana ɗaga mini hula, ashe da sunan da ake kirana in na ba da baya.

Ba zan ɗora miki laifin duka ba, domin ni na fara ɓoyewa. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa cikin dangi ba: hancina ya mutu. Shekara biyu da rabi ke nan, tun zazzaɓin da ya kwantar da ni a hunturun nan. Na tashi, na warke, amma ƙamshi da wari suka tafi tare. Ba na jin kofi, ba na jin madara in ta ƙone, ba na jin turaren coci. Harshena ya san zaƙi da tsami da gishiri da ɗaci, daga nan ilminsa ya ƙare. Za ki ce me ya hana in faɗa. Lodzia, shekara biyar na yi a jami'a a Warsaw, shekara talatin da shida na yi a bayan teburin kantin magani. Ni ne mutumin da yake gane magani ya lalace tun murfin bai gama buɗewa ba. Masu kuɗi suka buɗe ƙaton kantin maganinsu a gari, inda yara masu farar riga suke miƙa kwali ba su san abin da ke ciki ba, aka rufe nawa, babu ko takardar godiya. Irena ta rasu. Olgierd ya tafi. Abu ɗaya ya rage da mutane suke cewa sai Zenon, wato haɗin furen bez na ranar sha biyar ga Agusta. Shi ma in fito in ce ba zan iya ba? Na ce wa kaina hanci na jahilai ne, mai ilmi yana da sikeli da agogo da littafi. Kuma komai yana rubuce a littafina: kan fure arba'in, bodka lita ɗaya, lemun tsami biyu, zuma, kwana biyar.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga inda na yi ɓarnar, tiryan-tiryan kamar ina duba aikin wani. Ke ma kin san ƙa'idar tun muna bin Mama da kwando. Da safe ake tsinkar bez, bayan raɓa ta bushe, ranar da gari ya yi haske, lokacin da furen ya buɗe sabo yana zubar da ƙurarsa mai ruwan ɗorawa. A kwando ake sa shi ya sha iska, ba a wanke shi, kuma kafin awa biyu ya shiga kwalba. In ya tsufa a kan itace, ko ya yi gumi a rufe, ƙamshin nan ne da kansa yake juyewa ya koma na mage. To bara gwiwa ta hana ni fita sai ƙarshen lokaci. Na je da rana tsaka. Gindin kwandona ya zube, sai na cusa furen a leda na ƙulle. Daga nan na hau bas zuwa asibitin gari don allurar gwiwa, na zauna awa huɗu a benci da ledar a cinyata, rana tana dukanta ta taga. Na lura mutane suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna bar mini bencin. Kin san abin da na zata? Na zata girmamawa ce, sun gane tsohon Magista.

Ban ɓoye miki ba, abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne in mayar da kwalaben kanti, in ƙona littafin, in daina zuwa taron Agusta. Kwana ɗaya na yi a kan wannan shawara. Washegari na tashi na ce a'a. An karɓe mini kanti ban yi faɗa ba, an karɓe mini abubuwa da yawa na yi shiru don ina ganin shiru shi ne mutunci. Wannan kam ba zan bari ba. Ba za a binne ni kusa da Irena ana ƙunshe dariya ana tuna mage ba. Furen bez mako biyu yake yi a shekara, kuma ya riga ya fara buɗewa. Na ɗinke gindin kwandon da waya, na fita ƙarfe tara na safe, na tsinko arba'in daga itatuwan bakin hanya, na yi komai yadda littafi ya ce.

Sai na ga matsalar da sikeli ba ya warwarewa: wa zai shinshina mini? Na kai wa Danuta. Murfin bai gama buɗewa ba ta ce, "Kai, Baffa, ƙamshi kamar aljanna!" Ni kuwa tsohon mai gwaji ne. Ina da kwalba ɗaya da ta rage daga ta bara a ɗakin ƙasa. Washegari na zuba kaɗan a wani kofi na kai mata na ce sabon haɗi ne. Na ga idonta ya kawo ruwa, na ga maƙogwaronta ya motsa, amma ta ce wannan ma ya fi na jiya. Yarinyar kirki ce, hancinta kuma lafiya lau, amma ba shi da amfani a wurina. Fadan cocinmu kuwa, duk abin da aka zuba masa a kofi albarka yake sa masa. Na zauna a kicin na lissafa mutanen da za su iya gaya mini gaskiya a ƙauyen nan, tun daga coci har gada. Mutum ɗaya na samu, ita ce kuma wadda na fi kowa ci wa mutunci.

Lokacin kin riga kin tafi, don haka ba ki san wannan ba. Wajen shekara talatin da suka wuce, Apolonia ta zo kantina neman maganin tari wa mijinta. Kanti cike da mutane. Ta ce ta riga ta ba shi shayin furen bez, kuma sai da ta nemi izinin itacen kafin ta tsinka, yadda tsofaffi suke yi. Ni kuwa ina ji da kaina da farar rigata. Na ce mata in dai itacen yana jin magana haka, ta tura shi makaranta ya ƙarasa mata aji biyar. Aka yi dariya, na ji daɗi. Ta ajiye maganin a kan tebur ta fita. Daga ranar har aka rufe kantin ba ta sake taka ƙofarsa ba. Ko ƙwayar ciwon kai take so sai ta hau bas zuwa gari, cikin dusar ƙanƙara ko cikin ruwa.

Na ɗauki kwalbata na tafi gidanta. Tana watsa wa kaji hatsi. Ta bar ni tsaye a bakin shinge har ta gama, ta wanke kwano, ta kife shi, sannan ta ce, "Yau kuma me ya kawo jami'a gidan kaji?" Na miƙa mata kwalbar. Ta buɗe, ta kai hanci sau ɗaya, ta ce wannan ba mage ba ce, amma ciyawa ce. Na bar koren kara da yawa, kuma a bakin titi na tsinka, har hayaƙin mota tana ji. Ta ce in zubar. A nan, a gaban kaji, na gaya mata maganar hancina, ita ce mutum ta farko a duniya da ta ji daga bakina. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ai ranar da muka haɗu a layin kanti na gane. Da na koma gida na tuna Lahadin da ka zauna kusa da Alfons a coci da duk warinsa, aka yi sa'a guda ba ka matsa ba, na ce lallai hancin Magista ya riga shi zuwa lahira." Na ce mata aron nata na zo nema, na mako guda. Ta bi wata kaza mai ɗingishi da kallo. Sannan ta ce za ta ba ni, kuma ba ta son komai nawa, sai abu ɗaya: kafin in taɓa fure, in cire hulata a gaban itacen, in nemi izininsa da baki, tana tsaye tana ji.

Na ce ba zan yi ba. Na ce ni ba mahaukaci ba ne da zan yi hira da itace. Ta ce to, in gaishe da mage. Na juyo gida raina a ɓace, ina cewa zan sami wata dabara. A yammacin ranar hadari ya haɗu, aka kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Kin san abin da ruwa yake yi wa bez: ya wanke ƙurar, ya bar fure fari fat ba komai a cikinsa, wanda ya manyanta kuma ya yi ja ya zube. Ina zaune a taga ina kallon itacen gidan maƙwabta yana sauya launi a idona. Da rana ta fito na zaga ƙauyen da sandata, bakin kogi, bayan makaranta, hanyar maƙabarta. Duk wanda yake fuskantar rana ya gama. Guda ɗaya ya rage, wanda kullum yake makara saboda inuwar bango: babban itacen nan na bayan tsohon kantina, wanda Mama take ɗiba a jikinsa. Yanzu tayar mota ake sayarwa a ginin. Na tsaya ƙarƙashinsa na ga kawunan fure sabbi, wasu ba su ma gama buɗewa ba. Kwana biyu suke da shi, in sun yi yawa uku. Bayan nan sai baɗi, ni kuwa shekarata saba'in da huɗu, ba na yi wa baɗi alkawari.

Na wuce gidan Apolonia, ban ko shiga ba, na ce daga bakin shinge, gobe ƙarfe tara, bayan kanti. Na shirya wa abin da zan tarar. Na ce za ta gayyato rabin ƙauye su ga Magista yana gaida itace, kuma da ta yi haka ban isa in ce ta zalunce ni ba. Da na iso, ita kaɗai ce, da ɗankwalinta na zuwa coci da almakashi a aljihu. Ba ta gaya wa kowa ba. Na ajiye kwando, na cire hula, na dubi itacen na ce ya yi haƙuri, zan ɗibi kaɗan, zan bar wa tsuntsaye rabonsu. Ta ce, "Ɗaga murya, Magista. Tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi, kuma bai yi jami'a ba." Na maimaita da ƙarfi, har mai tayar ya leƙo ta taga ya koma. Daga nan sai bakina ya ci gaba da kansa. Idona yana kan itacen, ban dube ta ba, na ce shekara talatin da suka wuce na yi masa rashin kunya a cikin ginin nan, a gaban mutane, kuma ban kyauta ba. Ƙudan zuma suna ta aikinsu a sama. Can sai ta ce, "Ya ji. Mayar da hularka kada rana ta dafa maka sanƙo. Jawo mini reshen can."

Haka muka yi aikin. Ina maƙalo reshe da kan sandata ina sunkuyo da shi, ita tana kai hanci kan kowane fure kafin almakashi ya taɓa shi. Wannan ya tsufa, wannan bai farka ba, wannan ƙwari sun riga mu, wannan yanka. A idona duk ɗaya suke, Lodzia, farare tas. Ta shinshina fiye da ɗari kafin ta yarda da arba'in, hancinta ya yi ɗorawa da ƙura kamar na ɗan maraƙin da ya shiga buhun gari. Muka kai gidana, muka baza su a kan takarda a inuwa don ƙananan ƙwari su fita da ƙafarsu. Sannan na zauna cire kara. A nan kam hannuna bai manta ba: kowane ɗan fure sai da na raba shi da korensa, ko tsinke ban bari ba, na fere bawon lemun siriri ba tare da farin ba, na cika kwalba da bodka har wuya, na danna furen da ƙaramin faranti don kada ko ɗaya ya taɓa iska ya yi baƙi. Tana zaune tana kallo. Ta ce hannun kam na mai ilmi ne, kan ne aka samu matsala.

Kullum da safe, bayan ta sallami kaji, sai ta zo mu sauka ɗakin ƙasa, in buɗe, ta shinshina, ta ce tukuna. A rana ta huɗu ta ce, "Tace yau." Na ce littafi ya ce biyar. Ta ce to in bari littafin ya sha. Na tsaya da kwalbar a hannu, shekara talatin da shida suna ce mini biyar, tsohuwa mai aji huɗu tana ce mini huɗu. Na ɗauko ƙyallen tata na ninka huɗu, na tace. Daga baya na buɗe littafin na ja layi a kan biyar ɗin, na rubuta a gefe: sai ranar da hanci ya ce. Na raba ruwan gida biyu, na narka zuma a kashi ɗaya, ɗayan na ajiye shi haka nan don gudun kuskure.

Jiya na haɗa mata kofin farko. Kashi ɗaya na jiƙon, uku na ruwan soda, matsin lemun tsami, ƙanƙara biyu, da ganyen na'ana'a a sama. Ta sa yatsa ta cire ganyen ta yar, ta ce ihu yake yi a kan furen, ba ya bari a ji maganarsa. Ta shinshina. Ta kurɓa. Ta daɗe tana juya shi a baki, ni kuwa ina jiran hukunci kamar ranar jarrabawar ƙarshe a Warsaw. Ta ajiye kofin ta ce, "Zuma ta yi yawa." Na karɓa na ɗanɗana. Gaskiya ne, ta yi yawa, wannan kam harshena ya iya shaida. Ba ki san yadda na ji ba. Shekara biyu ana ce mini madalla, ban sami kalmar da ta faranta mini rai kamar wannan kushen ba, domin da ta ƙara da cewa in ban da zumar ba ta taɓa shan wanda ya kai shi ba, na san zan iya ɗaukar maganar in tsaya a kanta.

Sai na yi mata tambayar da nake jin kunyarta. Na ce ta gaya mini yadda yake ƙamshi. Na zata za ta yi mini ba'a, amma ba ta yi ba. Ta sake kai hanci, ta rufe ido, ta ce kamar zanen gado da aka shanya a kan ciyawa cikin watan Yuni aka ɗauke da hantsi, da ɗan itacen fiya da aka yanka yanzu-yanzu, sannan can ƙasa akwai wani abu kamar kan jariri bayan wanka. Na ɗauki alƙalami na rubuta a littafin, ƙarƙashin awo. Ban ji komai a hancina ba, kada ki zata wani abin al'ajabi ya faru. Kada kuma ki zata na tuba na koma gaida itatuwa. Itace itace ne, duniya kuma tana nan yadda na san ta, ba ta gode wa kowa. Amma na zauna da kofin a hannu na ga Mama tana ninke zanuwa a bayan kanti, ke kina rarrafe a gefenta.

To ga abin da nake so daga wurinki, kuma ba roƙo nake yi ba. Kin ce za ki zo a watan Agusta. Kafin nan jiƙon ya kwanta, na kuma gyara zumar da kashi na biyu. Kwalbar bara tana nan, Witold ya ce in zubar na ƙi. Ranar sha biyar, ƙarƙashin itacen tuffa, zan ajiye kofi biyu a gabanki. Na farko na bara ne. Ba sai kin sha ba, na yafe miki wannan, amma za ki shinshina ki faɗi sunan abin da kika ji da ƙarfi, a gaban duk waɗanda kika ce su yi shiru. A yi dariyar ina zaune, ni ma in yi, a gama da ita. Ni kuma da bakina zan gaya musu maganar hancina. Sannan ki ɗauki na biyu. Shi za ki sha a hankali, ki gaya mini abin da kike ji, ɗaya bayan ɗaya, kada ki yi sauri. Apolonia ba ta taɓa shan na Mama ba. Henryk ya tafi. A duk duniya hancinki kaɗai ya rage da ya san wancan ƙamshin. In ya kai, ki ce ya kai. In bai kai ba, ki faɗi abin da ya rage, in rubuta, in Allah ya kai mu wani Yunin in sake cire hula.

Na gaya wa Danuta ta ƙara kujera ɗaya a damana. Apolonia ta ce za ta zo in dai ba za a sa ganye a kofinta ba. Wanda bai ji daɗin zamanta a teburinmu ba, akwai wuri kusa da tukwanen fure.

Ki gaida Romuald, ki ce masa ya rage gishiri ko da likitansa bai faɗa ba. Ki gaida ƴaƴanki, Halina da mijinta, da Sabina, da jikoki duka, har wanda aka sa wa sunan da ban iya faɗa ba. Witold da Danuta suna gaisuwa; Danuta ta ce in gaya miki tun ranar kofin gwajin nan ba ta iya haɗa ido da ni ba. Allah ya kawo ki lafiya, ya tsare hanya sama da ƙasa. Kada ki sake kawo mini rigar sanyi, uku na baya suna cikin akwati da takardarsu. Ki zo da hancinki kawai, kuma wannan karon ki bar tausayin a Kanada.

Yayanki,
Zenon